Yadda ake rubuta wa yara labarin yarinyar da iyayenta ke gidan kaso

Shekarun baya, ina riƙe da ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, a wata lakwal ta cikin Damagaram, aka kawo mini ƙarar wata yarinya wai ta gantsara wa ƴar ajinsu cizo a layin famfo. Na ga shatin haƙora a hannun wadda aka ciza, raina ya ɓaci, ban tsaya tambayar mafari ba na sa mai cizon ta durƙusa a bakin ƙofa har aka tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce uffan ba. Bayan kwana biyu sai ga kakarta tana dogara sanda. Muka gaisa, ta ce, "Malama, ki ƙara haƙuri da ita. Ubanta yana gidan kaso tun kaka, uwar kuma watan jiya aka tafi da ita. Abin da waccan ta ce mata ke nan a gaban yara, wai ɗiyar ƴan kaso."

Ranar na kasa cin abincin rana. Na buɗe kabad ɗin ajin na duba ƴan littattafan da muke da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai marayu a ciki, akwai ƴaƴan sarakuna, akwai Gizo da Ƙoƙi, amma babu yaro ko ɗaya da ke kai wa ubansa tuwo gidan kaso. Daga nan na fara rubuta labari a kaye ina karanta wa ajin kowace Juma'a kafin a tashi. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na bi, da gyare-gyaren da yaran suka sa ni na yi, ga duk mai niyyar rubuta irin wannan littafi. Zan riƙa cewa "ka", amma da maza da mata nake.

Mataki na farko: ka san wa kake rubuta wa

Ka sa yara ƴan shekara 9 zuwa 12 a gabanka, wato ƴan CE2 zuwa CM2 (aji huɗu zuwa aji shida), da takwarorinsu na makarantar allo da islamiyya waɗanda wani zai karanta musu. Masu karatunka biyu ne, kuma a benci ɗaya suke zaune: yarinyar da abin ya sama, da wadda ta yi mata gori. Ta farko tana bukatar ta ga ba ita kaɗai ba ce a duniya. Ta biyu tana bukatar ta ji yadda kalmar da ta jefa ta sauka a ƙirjin wadda aka jefa. Duk shafin da ka rubuta ka tambayi kanka ko ya yi wa su biyun aiki.

Ka rubuta da Hausa. Yaro yana iya karanta Faransanci a aji, amma da Hausa ake masa gori, da ita yake kuka, da ita kakarsa ke rarrashinsa. Tun watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da Nijar da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka lokacin ya yi wa masu rubutu daɗi. Ka bi ƙa'idar rubutun da aka tsayar a Nijar a 1999, mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A Najeriya 'y suke sawa a madadin ƴ. In kana fatan littafin ya shiga Kano da Daura za su karanta kowanne ba matsala, sai dai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa daga bango zuwa bango.

Mataki na biyu: ka je ka gani kafin ka ɗauki biro

Gani ya kori ji. Mafi yawanmu abin da muka sani game da gidan kaso daga fim ne da hirar fada, kuma yaron da ke zuwa can duk mako zai gane ƙaryarka tun a shafi na biyu, ya ajiye littafin.

Ka fara da sanin hanyar da mutum ke bi. Ana kama shi a tsare a komisariya ko wurin jandarma, daga nan a kai shi gaban mai gabatar da ƙara, in alƙali ya sa hannu a takardar tsarewa sai a wuce da shi gidan kaso. A ciki akwai mutane iri biyu: waɗanda aka yanke wa hukunci, da masu jiran shari'a. Wannan bambanci shi ne rabin labarinka. Wanda aka yanke wa shekara uku, ɗiyarsa tana iya ƙirga kwanaki. Mai jiran shari'a kuwa babu ranar da za a ƙirga zuwa gare ta, kullum "sai mako mai zuwa", kuma wannan rashin sanin ya fi komai cin ran yaro.

Damagaram tana da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, saboda haka masu sanin aikin suna kusa da kai. Ka nemi lauya ɗaya ya ba ka awa guda. Ka je ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da shawara da lauya, ka tambayi yadda iyali ke neman takardar izinin ganawa da mai jiran shari'a. Ka tambayi ranakun ziyara, da ko ana barin yara su shiga, da abin da ake bari a shigar da wanda ake mayarwa, domin tsarin kan sauya, kuma na lokacin da kake rubutu shi za ka sa. Ka nemi malamin da ke shiga yin wa'azi, da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu aiki da alƙalin yara. Sannan ka sami inuwa nesa kaɗan da ƙofar a ranar kai abinci ka zauna. Kada ka ɗauki hoto, kada ka fito da kaye a idon mutane. Ka duba irin kwanonin da ake kawowa, da yadda tsofaffi mata ke jan mayafi su rufe rabin fuska in sun hango wanda suka sani a kan kabu-kabu.

Yana da kyau ka san cewa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yaro ta 1990 ta ware sashe na 30 ga ƴaƴan matan da aka ɗaure, inda ta ce in za a hukunta mai ciki ko uwar ƙananan yara a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba. A 2013 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya yi sharhinsa na farko a kan wannan sashe ɗin. Ba za ka zuba wannan a bakin yarinya ƴar shekara goma ba, amma lauyan cikin labarinka zai iya faɗin sa da kalmomi biyar, kuma ya zama dalilin da uwar za ta dawo gida.

Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka zaunar da yaron da abin ya shafa kana tona masa ciki don ka sami kayan rubutu. Ka yi hira da manya, kakanni da gwaggwanni da waɗanda suka fito, bayan ka gaya musu abin da za ka yi da maganarsu kuma sun yarda. Abin da ka ji ka sauya masa suna da unguwa da sana'a da yawan ƴaƴa. Garinmu babba ne a taswira, amma in ka ce tela mai ɗingishi a Zango, kafin la'asar an san wa kake nufi. Ko labarin da na buɗe da shi sai da na sauya masa abubuwa.

Mataki na uku: ka gina yarinyar

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Bari mu kira ta Lami, tunda laƙabin rana ne da kowace unguwa ke da irinsa. Ka ba ta sunan yanka na kakarta ta wajen uba, yadda uban zai riƙa kiran ta "Uwata". Wannan kalma guda za ta yi maka aiki daga baya fiye da shafi goma na bayani.

Lami fitinanniya ce a idon mutane. Tana faɗa, tana ƙarya, ta taɓa ɗauke dala ashirin daga cinikin tallan gwaggonta, ta koma fitsarin kwance bayan ta daina shekaru. Ka ɗauki kaye ka raba shafi biyu. A dama ka rubuta abin da ta yi, a hagu ka rubuta abin da ya jawo shi. Ta doki yarinya a famfo saboda an ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce wa ƴan aji babanta yana Agadas yana tuƙa babbar mota saboda ranar Malam ya ce kowa ya faɗi sana'ar ubansa. Dala ashirin ɗin sabulu ta saya da su ta sa a ƙarƙashin kwanon da ake kai wa uwarta. Duk laifin da ka rasa abin rubutawa a hagunsa, ka cire shi daga littafin, domin ado ne kawai. Manyan cikin labarin dama kaɗai suke gani. Mai karatu shi ke ganin hagu, kuma daga nan ƙaunar Lami ke shigarsa ba tare da ka roƙe shi ba.

Kada ka wanke ta tas. Wani lokaci ta yi zalunci na gaske, ta huce haushinta a kan ƙaninta ɗan shekara huɗu, ta tsinke masa motar gwangwanin da ya wuni yana haɗawa, sannan dare ya yi ta kasa barci. Yara sun san kansu, sun san suna yin haka, kuma sun fi yarda da yarinyar da ke yi.

Ka ba ta abin da ta fi kowa iyawa. Tawa Lamin gwanar carafke ce, kuma in ana gaɗa da farin wata ita ke ba da waƙa, tana ƙago baiti a tsaye. Ka ba ta bakin ban dariya, ta iya kwaikwayon tafiyar mai unguwa har kakarta ta yi dariya ta share hawaye. Yaro ba ya zama cikin baƙin ciki wuni guda cur, yana shiga yana fita, kuma littafin da babu dariya a cikinsa ba za a kai ƙarshensa ba.

Ka ba ta buri guda wanda ake iya taɓawa da hannu. "Tana son farin ciki" ba buri ba ne da zai ja labari. Tana son hana a sayar da keken ɗinkin babanta da baffanta ke ta kawo masu tayi. Ko tana son uwarta ta yi mata kitson sallah da hannunta. Mai karatu ɗan shekara goma zai bi keken ɗinki babi goma sha biyu yana fargaba.

Sai abu na ƙarshe, wanda na fi so ka riƙe: asirin da take ɓoyewa. Yara da yawa suna ɗauka su suka jawo abin. Lami ce ta buɗe ƙofa ranar da jandarma suka zo, da aka tambaye ta ina Baba ke ajiye jakarsa ita ta nuna ƙarƙashin gado, don an koya mata kada ta yi wa manya ƙarya. Tun ranar take ɗauke da dutsen nan ita kaɗai. Kada ka bayyana shi a farko. Ka bar alamu, ta ƙi buɗe ƙofa in an yi sallama, ta ƙi kallon gadon, har wajen babi na tara ya fashe.

Mataki na huɗu: ka yanke shawara kan laifin iyayen

Zuciyarka za ta ja ka ka ce sharri aka yi musu, kamar yadda aka yi wa Annabi Yusuf, alaihis salam. Hakan na faruwa, kuma yana da sauƙin rubutawa. Amma ka tuna yarinyar da ke bencin gaba wadda ta san babanta ya aikata. In littafinka ya nuna cewa ɗiyar wanda aka zalunta ce kaɗai ta cancanci tausayi, ka ƙara mata nauyi. Shawarata ita ce uban ya aikata da gaske. Ɗinki ya ja baya, bashi ya taru, wani ya ba shi ajiyar ƙwayar tiramol yana sayarwa a ɓoye. Uwar kuma an haɗa da ita ne don a ɗakinta aka sami kayan, tana jiran shari'a. Da haka ka sami iri biyun a gida ɗaya.

Ka faɗi laifin da sunansa sau ɗaya, a fili, da kalmomin da yaro zai gane, kuma ka nuna wanda ya cutu. Wataƙila yayan ƙawar Lami yana cikin samarin da ƙwayar ta lalata. Tambayar da littafin ke ɗauke da ita ke nan: ana iya son mutum alhali an san ya yi ba daidai ba? Lami za ta yi fushi da Baba, ta ƙi zuwa ziyara mako uku, kuma ta riƙa kwana da hularsa a ƙarƙashin matashi. Ka bar biyun su zauna tare.

Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am da Suratul Isra'i, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Malamin islamiyyar Lami zai iya karanta ayar a darasi yana kallon allo, ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta ji kamar da ita yake. Sau ɗaya ya isa. In ka mayar da kowane babi mumbari, yara za su gane wa'azi ne aka naɗe a cikin labari.

Mataki na biyar: gidan riƙo

Tatsuniya ta saba mana da muguwar kishiyar uwa mai aika marainiya rafin aljanu. Ka guje ta. Gwaggon da ta ɗauki Lami da ƙaninta tana da nata ƴaƴa biyar, tana soya awara a bakin titi, ga kuɗin ruwan garuwa da ke ninkuwa in zafi ya yi famfo ya ɗauke, ga kwano biyu da za a kai gidan kaso. In ta daka wa Lami tsawa gajiya ce. Ka nuna ta da dare tana ƙirga canji a gefen zane tana ware na kabu-kabun ranar ziyara.

A gidan nan ne za a yi ƙaryar da kusan kowane gida ke yi: "Babanku ya tafi ci-rani." Da kyakkyawar niyya ake yin ta. Sai dai yaro yana jin gaskiya a bakin ƴan unguwa, ta hanyar habaici da zunɗe, daga nan kuma ya daina yarda da na gida. Lami ta sani, ƙaninta bai sani ba, an kuma hana ta faɗa masa. Kullum da magariba yana zama a dokin ƙofa yana jiran tsarabar Libiya. Ka rubuta babin da Kaka za ta zaunar da shi a kan tabarma ta gaya masa, da gajerun kalmomi: Baba ya yi abin da doka ta hana, an ajiye shi a wani gida na wani lokaci, yana cin abinci, yana sallah, yana tambayarka, kuma ba kai ka jawo ba. Iyaye da yawa da za su karanta wa ƴaƴansu littafin a nan za su sami kalmomin da suka rasa.

Ka sa babba ɗaya a wajen gida wanda ke ganin hagun shafin. Mai sayar da itace, ko tsohuwa mai fura a Kasuwar Dole. Kada ya warware mata matsala, ya dai ba ta wurin zama da aikin hannu.

Mataki na shida: ka jera babi-babi

Babi 12 zuwa 14, kowanne kalma 800 zuwa 1,000, abin da za a karanta da baki cikin minti goma. Ka ɗora labarin a kan shekarar karatu: buɗe lakwal a watan Oktoba, hunturu da ƙurarsa, zafin Afrilu da layin jarkoki, sai saukar ruwan farko. Ka sa sallah a inda ta dace da labarinka, domin ranar da kowa ya yi ado ya tafi kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ita ce ranar da rashin iyaye ya fi ciwo. Kowane babi ka rubuta masa layi uku a kaye kafin ka fara: me Lami ke so a nan, me ya tare ta, me ya sauya. Ka fara littafin da faɗan famfo, kamun ya zo daga baya cikin tunaninta. Ka rufe kowane babi da abin da zai sa a ce "Malama, ƙara ɗaya."

Mataki na bakwai: babin ziyara

Shi ne zuciyar littafin, kuma a nan sababbin marubuta ke cika shafi da kuka da dogayen jawabai. A gaskiya mutane in sun haɗu a irin wurin nan maganar duniya suke yi, abin da ke ransu yana maƙale a wuya. Ka bar abubuwa su yi magana. Ga yadda na rubuta nawa:

Lami ta ɗora kwanon a kan tebur. Mai gadin ya buɗe murfin, ya sa cokali ya tsaga tuwon gida huɗu, ya juya miyar kukar har ƙasa. Tun asuba ta mulmula tuwon nan, ta shafe bayansa da ruwa har yana sheƙi, don Baba ya san hannunta ne. Yanzu ya koma kamar wanda kaji suka tona. "Wuce," in ji mai gadin.

Da Baba ya fito sai ta ga wuyansa ya yi tsawo. Duk maganganun da ta jero a hanya tun daga Garin Malam suka watse.

"Uwata," ya ce, "kin girma."

Ta dubi ƙafafunsa. Silifas ɗin ba nasa ba ne.

"Akuyarmu ta haihu," ta ce. "Biyu."

"Masha Allah. Wane launi?"

"Ɗaya ja, ɗaya mai roɗi-roɗi."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labari mai nauyi. Ta so ta ce ni na nuna musu jakar. Sai ta ce, "Gwaggo ta ce a dawo da kwanon jiya."

Ka lura babu inda na ce tana baƙin ciki. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yara sun iya karanta fuska fiye da yadda muke zato. Mai gadin ma aikinsa yake yi. A ziyara ta uku yana iya tsaga tuwon a hankali, gida biyu kawai, don ya gane. Abin da ke da muni a ciki, cunkoso da zafi da cuta, ka taɓa shi daidai abin da idon yarinya zai gani daga inda take tsaye: ƙuraje a hannun Baba, tarin da yake ɓoyewa. Kada ka wuce nan.

Wajen harshe, ka taƙaita jimloli. Kowa ya yi magana da bakinsa: Kaka da karin magana, yara da "wallahi" da "ni dai", Lami ba za ta taɓa kiran sunan gwaggonta ba, kuma in babba na mata faɗa ƙasa take kallo. Kalmomin da yaran Damagaram ke faɗa, lakwal da kaye da mushe (malamin lakwal) da jaka, ka bar su yadda suke.

Mataki na takwas: ƙarshen labari

Kada ƙofa ta buɗe kowa ya fito ranar sallah. Yarinyar da ke bencin gaba za ta rufe littafin ta koma gidan da babu wanda ya dawo. Ka ba da abin da zai iya faruwa. An saki Inna bayan wata bakwai, ta dawo ba ta son hayaniya, sai a hankali ita da Lami suka sake sabawa. An yanke wa Baba shekara uku. Lami ta faɗa masa maganar jakar, ya riƙe hannunta ya ce shi ya sa kayan a ciki, ita gaskiya ta faɗa, kuma haka ya koya mata. Keken ɗinkin bai tafi ba, Inna ta fara taka shi. Lami ta zuba tsakuwa 36 a gwangwani, duk ganin wata ita da ƙaninta su fitar da guda.

Mataki na tara: ka karanta wa yara, ka gyara

Ka ajiye rubutun mako biyu, sannan ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Daga nan ka nemi yara shida zuwa takwas ka karanta musu babi biyu a zama ɗaya. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ka dubi inda suka fara wasa da yatsun ƙafa, ka sa alama, ka rage wurin. Ka tambaye su me suke zato zai faru gaba. Nawa yaran su suka ce mini Lami ba za ta yi wa Malam magana haka ba, da gaskiyarsu, na sake babin gaba ɗaya.

In ka san akwai yaron da abin ya shafa a cikin masu sauraro, ka sanar da mai riƙonsa tun kafin ranar, ka kuma ba yaron zaɓi ya zauna ko a aike shi wani wuri ba tare da kowa ya lura ba. Lokacin karatu kada ka dube shi fiye da sauran. Bayan yara, ka ba lauyan nan ya duba maka ɓangaren shari'a, ka ba wata uwa da ta taɓa shiga ta duba babin ziyara.

Mataki na goma: ka fitar da shi

Ka buga a kwamfuta ko waya da allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa, ka tabbatar ba su rikiɗe sun zama akwatuna ba in an kai wurin ɗab'i. Haruffan su zama manya, da tazara tsakanin layuka. Ka nemi mai zane ya yi hoto guda a kowane babi, baƙi da fari ya wadatar kuma ya fi araha. Ka ce masa ya zana duwatsun Birni da zanen bangon gidajenmu da ƴan mata ɗauke da tire. A bango ya sa Lami tana wasan carafke da kwanon abinci a gefenta. Kada ya sa ƙarafan kurkuku, domin yaro ya iya riƙe littafin a titi ba tare da jin kunya ba.

Ka yi rajistar aikinka a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa. Kana iya aika shi ga masu wallafa littattafai da harsunan gida irin su Gashingo a Yamai, ko ka kai maɗaba'a a nan gari ko Kano ka buga kaɗan da kuɗinka. In aljihu bai kai ba, kwafi 30 na fotokwafi da aka ɗinke da zare sun isa aji guda. Ka kai wa gidan rediyo su karanta babi ɗaya duk mako a shirin yara, ka kuma naɗi muryarka ka tura ta WhatsApp saboda kakannin da ba sa karatun boko.

A shafin ƙarshe ka bar wa manya rabin shafi: yadda ake gaya wa yaro gaskiya, inda ake neman takardar ziyara, da inda ofishin taimakon shari'a yake. Sannan ka ware kwafi biyar, ka rubuta takardar neman izini ga shugaban gidan kason, ka roƙa a ajiye uku a ɓangaren maza, biyu a ɓangaren mata.